Gasar kofin rukuni a hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka: wasa ɗaya ko wasa uku?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Tunda watan Maris ya matso, bari na ɗauko mana maganar da kullum take raba kanmu. A babban matakin maza na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, akwai rukuni shida: Hockey East, ECAC, NCHC, Big Ten, CCHA da Atlantic Hockey (wanda yanzu ake kira Atlantic Hockey America). Kowanne yana rufe kaka da gasar kofinsa, kuma wanda ya ɗauki kofin ya samu tikitin kai tsaye zuwa gasar ƙasa mai ƙungiya 16. Gurbi shida ke nan, sauran goma kuma teburin lissafin da yake jera ƙungiyoyin ƙasar duka ne yake raba su. Abin da nake so mu tattauna shi ne tsarin. Hockey East tun daga zagayen farko har ƙarshe sili ɗaya ƙwale take yi. ECAC kuma a kwata fainal sai ka ci wasa biyu cikin uku. Ni a ganina ƙungiyar da ta yi wata biyar tana wahala har ta zo ta ɗaya, bai dace a kore ta a dare ɗaya ba.

Malam Buba: Wa'alaikumus salam. Kafin a yi nisa, a fayyace tsarin don waɗanda ba su saba ba. Hockey East jami'a 11 ce, kuma duka suna shiga. Ta 6 tana karɓar ta 11, ta 7 ta karɓi ta 10, ta 8 ta karɓi ta 9. Biyar na sama suna hutawa zuwa kwata fainal. Bayan zagayen farko ana sake jera su, ta ɗaya ta haɗu da mafi ƙanƙantar matsayi da ta tsira, ta 4 kuma ta karɓi ta 5. Huɗun da suka rage su tafi TD Garden a Boston, a yi wasan kusa da na ƙarshe, washegari a yi na ƙarshe a kan kofin Lamoriello.

ECAC jami'a 12 ce. Huɗu na sama suna hutu, ta 5 zuwa ta 12 su yi wasa ɗaya-ɗaya, sannan kwata fainal na wasa uku a gidan wadda ta fi matsayi: Juma'a, Asabar, in an yi kunnen doki a ƙarasa Lahadi. Daga nan sai Lake Placid, filin da aka yi Olamfik na 1980, a kan kofin Whitelaw.

Na-Gwandu: Baban Khalifa, ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Dubi 2025. Boston College ce ta ɗaya a Hockey East, ita ce ta ɗaya a ƙasar baki ɗaya. Northeastern da ta zo ta 9 ta je har gidansu ta ci su 3 da 1, shi ke nan. Da wasa uku ne, wa yake tunanin Northeastern za ta maimaita washegari?

Maman Haidar: Malam Na-Gwandu, to me Boston College ta rasa? Bayan mako guda aka fitar da jadawalin gasar ƙasa, ita aka ba matsayi na ɗaya. Kofi ne ya kuɓuce mata, kakarta ba ta ƙare ba. Northeastern kuwa ba ta da wata hanya sai kofin. Ta isa TD Garden, Maine ta fitar da ita a ƙarin lokaci na biyu, Maine kuma ta doke UConn ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 2004. Wasa ɗaya ne ya ba mu wannan. Manyan ƙungiyoyi teburi yana kare su, ƙananan ne suke buƙatar ƙofa.

Sannan wasa uku ba ya ba da kariyar da ake zato. A yi lissafi. In ƙungiya tana da damar cin wasa ɗaya kashi 60 cikin 100, damarta ta cin biyu cikin uku kusan kashi 65 ce. In kashi 70 ce, ta koma kusan 78. Ƙari ne, amma ba katanga ba ce. Kuma kuɗin da ake biya shi ne wasa uku a dare uku a jere, da gajiya, da raunuka, mako biyu kafin gasar ƙasa.

Kawu Ilu: Hajiya ta kawo lissafi mai kyau, amma akwai abin da lamba ba ta nunawa. A wasa ɗaya, mai tsaron raga shi kaɗai yana iya cin wasa. Raga ƙafa 6 ce a faɗi, ƙafa 4 a tsayi, kuma gola mai tsawo sanye da kayansa in ya durƙusa ya baza ƙafafu, ya rufe ƙasan ragar kusan gaba ɗaya. Ƙaramar ƙungiya ta san haka, sai ta tsara wasanta a kansa: mutum ɗaya kawai ya matsa gaba, huɗu su toshe tsakiyar fili, su tilasta wa manya jefa faifai, wato ɗan faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo, can ƙurya su bi shi. A gidansu kuma su cunkushe gaban raga, su bar abokan hamayya su yi ta bugu daga gefe inda gola yake ganin komai. Kana iya ganin bugu 40 a kan 18, amma a tashi 2 da 1.

Wasa uku yana warware wannan saboda koci yana samun dare guda ya kalli bidiyo. Zai ga cewa gola yana ganin duk faifan da aka buga, sai ya sa ƙato ya tsaya a gabansa ya tare masa gani, ya ce wa 'yan baya su daina bugu da ƙarfi sama, su riƙa bugawa ƙasa-ƙasa don faifai ya dawo daga ƙafar gola a samu na biyu. Zai ga cewa jefa faifai a ƙurya yana ƙarewa a sandan gola, sai ya ce a riƙa jefa shi a hankali zuwa kusurwar da gola ba zai fito ya tara ba. Wannan gyaran shi ne aikin koci, kuma wasa ɗaya ba ya ba shi wuri.

Ɗan Borno: Kawu, don Allah a yi mini bayanin ƙarin lokaci. Na ga a cikin kaka ana yin 'yan wasa uku da uku sannan bugun daga kai sai gola. A gasar kofi ma haka ne?

Kawu Ilu: A'a ɗana. Uku da uku na minti 5 na cikin kaka ne kawai. A gasar kofi, in zango uku na minti 20 suka ƙare ba gwani, ana shiga ɗakin hutu, motar gyaran ƙanƙara ta share fili ta zuba ruwa, a dawo biyar da biyar na minti 20 cif. Wanda ya fara ci ya yi nasara. In ba a ci ba a sake, babu iyaka.

Wasa mafi tsawo a tarihin matakin a irin wannan gasa aka yi shi. Ranar 6 ga Maris 2015, UMass ta ci Notre Dame 4 da 3 a ƙarin lokaci na biyar, minti 151 da sakan 42. Golan Notre Dame, Cal Petersen, ya tare bugu 87 a daren kuma aka ci shi. Kafin nan Quinnipiac da Union ne suke riƙe da tarihin, minti 150 da sakan 22 a 2010, a kwata fainal na ECAC.

Na-Gwandu: Kuma a ƙarasa labarin, domin hujjata ce. Duka biyun wasan farko ne na jerin wasa uku. Notre Dame ta dawo ta ci biyun da suka rage. Union ma haka. Da sili ɗaya ƙwale ne, da yaron da ya tare bugu 87 ya koma gida a kan faifai ɗaya.

Maman Haidar: Gaskiya ne. Amma ka tuna yaran da suka yi wasa biyu da rabi a dare ɗaya su ne aka sake fito da su washegari. Ɗalibai ne, Litinin suna da aji.

Malam Buba: Tunda an taɓo ƙarin lokaci, ga abin da yake kashe ƙungiyoyi a cikinsa, kuma ba ƙarancin gwaninta ba ne. Canjin 'yan wasa ne. Kowace ƙungiya tana da benci ɗaya da ba ya canzawa, amma ana sauya raga bayan kowane zango. A zango na biyu, da kuma ƙarin lokaci na farko, ragarka tana can nesa da bencinka. Ɗan wasa yana yin sakan 40 zuwa 45 a kan ƙanƙara ya fita. In aka danne ku a gidanku a irin wannan zangon, ɗan baya ba zai iya barin wurinsa ya ratsa har benci ba, sai ya kai minti ɗaya da rabi, ƙafa ta mutu, ya fara kai sanda maimakon ya motsa ƙafa. Daga nan ko dai ya ƙugiye mutum a tura shi benci na horo minti 2, ko ya wurga faifai har ƙarshen fili. Wurgawar ma ba mafita ba ce: in faifai ya tashi daga bayan jan layin tsakiyar fili ya ƙetare layin ragar can, alƙali zai busa, a dawo da shi gidanku, kuma doka ta hana ku canza kowa. Su kuwa su shigo da sababbin mutane biyar.

Maganin a bayyane yake amma yana da wuyar bi in jini ya hau. Ka kai faifai jan layi tukuna, sannan ka tura shi can ƙurya, sannan a canza, kuma ba duka biyar lokaci guda ba. Ɗan bayan da ya fi nisa da benci shi ne ya kamata ya fara fita in an samu sarari. Kuskure na biyu shi ne gaggawar shiga: wanda zai maye gurbi ya diro ya taɓa faifai kafin ɗan'uwansa ya fita, sai a kama su da mutum shida a fili. Minti 2 ke nan a banza, a lokacin da ci ɗaya yake rufe kaka.

Dokar NCAA ta yarda a sa wa mutum 19 kaya ban da masu tsaron raga, ɗaya fiye da NHL, gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada. A wasan kofi wannan mutum na 19 yana da amfani, musamman in ɗan baya na bakwai ne, domin koci yakan taƙaita benci, ya dogara da 'yan baya huɗu, har manyan su haura minti 25. In wasa ya zarce, wanda ya riƙa juya jeri huɗu na 'yan gaba, mutum uku-uku, tun farko shi ne yake da sauran ƙafa.

Ɗan Borno: Na gode Malam. To wasa a gida fa, ban da ihun 'yan kallo akwai wata riba?

Malam Buba: Akwai, kuma a rubuce take a doka. Duk lokacin da aka tsayar da wasa, baƙo ne yake fara fito da mutanensa, mai gida ya gani sannan ya zaɓi nasa. Da haka kocin gida yake manna 'yan bayansa mafi ƙarfi a kan jerin da ya fi ci, ko ya saki gwanayensa a kan jeri na huɗu. A filin da ba na kowa ba, wadda ta fi matsayi ake ɗauka mai gida. Sai kuma girman fili. Ma'aunin NHL ƙafa 200 ne a kan 85, na Olamfik 200 a kan 100, kuma filayen jami'o'i ba ɗaya suke ba. Ƙafa 15 na faɗi yana canza kusurwar da gola yake tsayawa, yana kuma nesanta bango daga raga. Ƙungiyar da ta saba da faffaɗan fili in ta shiga matsattse, sai ta tarar babu lokacin ɗaga kai.

Baban Khalifa: Wannan ya kawo mu maganar wuri. NCHC ta yi shekaru tana ƙarasa gasarta, Frozen Faceoff, a Minneapolis sannan a Xcel Energy Center da ke St. Paul, ta yanke shawarar mayar da komai filayen jami'o'i daga 2026. Big Ten da CCHA sun riga ta. Ni wannan ya fi kwanta mini, domin ko da wasa ɗaya ne, aƙalla wadda ta yi ƙoƙari a kaka tana gida.

Na-Gwandu: Gidan ma ba tabbas. Michigan ta je Mariucci, filin Minnesota, ta ci su a wasan ƙarshe na Big Ten sau biyu a jere, 2022 da 2023, duka 4 da 3. Amma fili ya cika maƙil, wanda ba ya samuwa lokacin da suke yi a Detroit da St. Paul.

Maman Haidar: Akwai ɓangaren da ba mu taɓa ba, kuma shi ne ya fi ciwo: waɗanda ba sa cikin wasan amma sakamakon yake yanka su. Gurbi 16 ne. Zakaran Atlantic Hockey kusan kullum ba ya cikin 16 na saman teburi, don haka layin yankewa yana farawa daga 15. Duk ƙungiyar da ta ɗauki kofi daga ƙasan layi, ta ture guda. A 2023 Colgate, ta 5 a ECAC, ta fitar da Quinnipiac a ƙarin lokaci na biyu, ta doke Harvard 3 da 2, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990. Wadda ta biya kuɗin ita ce Alaska Fairbanks. Ta ƙare ta 15 a teburi, ba ta cikin kowane rukuni, ba ta da kofin da za ta nema, tana zaune aka rufe mata ƙofa. Colgate ta shiga gasar ƙasa Michigan ta ci ta 11 da 1. Quinnipiac da aka fitar kuwa ita ta ɗauki kofin ƙasa, ta ci Minnesota sakan 10 da fara ƙarin lokaci.

Kawu Ilu: Hajiya, wannan misalin ai gefenmu yake goyon baya. Alaska ta fi cancanta.

Maman Haidar: Kawu, ranka ya daɗe, ECAC mai wasa uku ce a kwata fainal, kuma Colgate ta wuce shi. Inda ta yi ɓarna wasa ɗaya ne a Lake Placid, wanda ba wanda yake cewa a canza shi. Kuma ba kullum ake ƙarewa da 11 da 1 ba. Cornell ta 6 ce a ECAC a 2025, a kakar kocinta Mike Schafer ta ƙarshe, ba ta da gurbi sai da kofi. Ta ɗauka, ta je ta fitar da Michigan State, zakaran Big Ten, 4 da 3. Holy Cross ta fitar da Minnesota a 2006, RIT ta kai Frozen Four, matakin huɗun ƙarshe na gasar ƙasa, a 2010, AIC ta fitar da St. Cloud State mai matsayi na ɗaya a 2019. Dukansu ta ƙofar kofin rukuni suka shiga.

Ɗan Borno: Teburin nan da ake ta ambata, yaya ake haɗa shi?

Malam Buba: Shekaru da dama PairWise ake amfani da shi. Ana kwatanta kowace ƙungiya da kowace a kan abu uku: makin RPI, sakamako a kan abokan hamayyar da duka biyun suka kara da su, da kuma haɗuwarsu kai tsaye. RPI ɗin kashi 25 sakamakonka ne, kashi 21 na waɗanda ka kara da su, kashi 54 na waɗanda su suka kara da su. Cin wasa a waje ana ba shi nauyin 1.2, a gida 0.8. Daga kakar 2025-26 an koma wani ma'auni mai suna NPI, amma abu biyu suna nan: wasannin kofin rukuni suna shiga lissafi, kuma ƙungiyar da rashin nasararta ya fi nasararta yawa ba ta samun gurbin teburi, sai dai kofi.

Nan ne wasa uku yake da haɗarin da ba a cika faɗa ba. Ƙungiyar da take ta 13 ko ta 14, in ta sha kashi sau biyu a gidanta hannun ƙaramar ƙungiya, faɗuwarta ta fi ta wanda ya sha kashi sau ɗaya. Ko ta tsallake da biyu da ɗaya, wannan ɗayan yana cin maki. A 2018 tazarar da ta shigar da Minnesota Duluth ta bar Minnesota a waje 0.0001 ce a RPI, kuma Duluth ɗin ce ta ɗauki kofin ƙasa. Yale a 2013 ta yi wasa biyu a ƙarshen gasar ECAC ba ta ci ko ɗaya ba, Union ta ci ta 5 da 0, Quinnipiac ta ci ta 3 da 0. Sai da Notre Dame ta doke Michigan a wasan ƙarshe na CCHA sannan ta samu gurbin ƙarshe, ta je ta ɗauki kofin ƙasa a hannun Quinnipiac ɗin nan, 4 da 0. Providence ma a 2015 a kwata fainal na Hockey East aka fitar da ita, amma ta ɗauki kofin ƙasa.

Na-Gwandu: To ashe kofin rukuni ba ya nuna wanda zai ci na ƙasa.

Baban Khalifa: Wani lokaci yana nunawa. Denver ta haɗa Frozen Faceoff da kofin ƙasa a 2024. Western Michigan ta haɗa uku a 2025: kofin Penrose na kaka, Frozen Faceoff bayan ƙarin lokaci biyu da Denver, sannan ta ci Boston University 6 da 2 a St. Louis.

Kawu Ilu: Bari na ƙara abu ɗaya game da alƙalanci, domin in wasa ɗaya ne zai yanke kaka, dole hukunci ya zama daidai. Wasan ƙarshe na CCHA a 2022, a Mankato, Minnesota State da Bemidji State, 1 da 1 aka shiga ƙarin lokaci. Josh Groll ya zagayo gola ya tura faifai, aka ga yana cikin raga, aka duba bidiyo aka amince, aka miƙa kofin Mason, 'yan kallo suka fara watsewa. Daga baya wani hoton ya nuna cewa ragar ta ɗan ɗaga, faifan ya shige ta ƙarƙashin ƙarfen gefe, bai bi ta tsakanin turaku ba. Shugaban rukunin, Don Lucia, ya sa aka dawo da ƙungiyoyin daga ɗakin sauya kaya, aka gyara ƙanƙara, bayan kusan awa guda aka ci gaba. Jack McNeely ya ci na gaskiya, Minnesota State ta sake karɓar kofin. Ga Bemidji wannan wasan shi ne kaɗai hanyar gasar ƙasa, shi ya sa ban ga laifin dawo da su ba.

Dalilin faruwar abin shi ne ragar ba a kafe take da ƙarfi ba. Turakun da suke riƙe ta an yi su ne su saki in mutum ya faɗa mata, don kada ya karye. Gola in ya tokare ƙafa da ƙarfen gefe ya tura, tana iya ɗagawa kaɗan, faifai kuma kaurinsa inci 1 ne kacal. Kyamarar da take saman raga ba ta cika nuna wannan ba, sai wadda take ƙasa daga baya ko gefe. Duk rukunin da ya mayar da wasan ƙarshe filin jami'a, ya tabbata kowane fili yana da kyamarori iri ɗaya kuma dukan hotunan suna isa ga alƙalai kafin su yanke.

Maman Haidar: A kan wannan babu saɓani, Kawu. Haka ma hukuncin minti 5. Bugun kai ko tura mutum bango ta baya yana jawo minti 5, sau da yawa har da kora, kuma ba kamar na minti 2 ba, ko an ci ku mutuminku ba ya dawowa sai lokacin ya cika. Ana iya zura biyu ko uku a ciki. In korar mai tsanani ce, kamar ta dambe, wasa na gaba ma ba ya bugawa.

Baban Khalifa: Ni dai har yanzu ina kan wasa uku a kwata fainal, musamman a Atlantic Hockey da CCHA inda galibi ƙungiya ɗaya ce take fita, zakaran kaka ba shi da teburin da zai kare shi. A Hockey East da NCHC da Big Ten, inda uku ko huɗu ko fiye suke shiga gasar ƙasa, na yarda wasa ɗaya ba ya zaluntar kowa sosai.

Na-Gwandu: In haka ne, sai a ba zakaran kaka na waɗannan rukunan hutun zagaye guda, da gida har wasan ƙarshe. Malam Buba, in an fitar da jadawalin bana ka ɗora mana shi nan tare da matsayin ta 12 zuwa ta 17 a teburi, mu ga su wa ke cikin haɗari.

Malam Buba: In sha Allahu. Zan haɗa da lokutan wasannin da agogon Najeriya da Nijar, domin wasan ƙarfe 7 na yamma a Boston tsakar dare ne a nan bayan sun canza agogo a Maris, na Minnesota kuma ƙarfe 1.